Takwaran Baban Rufaida

"Inna, kin mance sunan Baba ne?"

Rufaida ce ta yi tambayar, da ƙarfi, a bakin famfo, gaban matan unguwarmu da baƙo namiji. Tana riƙe da gefen zanena. Na zare mata ido, amma yarinyar da ba ta cika shekara shida ba, ina ta san zare ido.

"Iliyasu na sunanai," ta gaya wa baƙon, wai ita nan ta taimake ni.

Mata sunka kwashe da dariya, kowacce ta ja mayafi ta rufe baki. Baƙon bai yi dariya ba. Ya dai ƙara matso da mikro, wani abu mai kan soso baƙi, ya duba ɗan akwatin da ke rataye a ƙirjinsa ya ga ko yana ɗauka.

Hannuna ne ya rubuta sunan nan yanzu, shi ma sai da na yi jim. Tun da anka kawo ni Rijiyar Malam, ƙauyen da ke bayan dutsi a ƙasar Garhanga, har zuwa ranar famfon nan bakina bai taɓa kiran sunan maigidana ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Rufaida ta biyu ce, shi ya sa kuke jin nata a bakina. A garinmu abin ya fi na ko'ina nauyi, don malamin da ya gina rijiyar farko sunansa ke nan, kuma kowane gida sai ya sa wa ɗa namiji sunan don neman albarka. Cikin matan da ke famfon nan, da wuya a samu wadda za ta iya buɗe baki ta faɗe shi. Wadda ba mijinta ba ne, surukinta ne. Wadda ba surukinta ba, ɗan farinta. "Mai sunan Malam" muke cewa, kowa ya gane.

Sai ga shi a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa 'yan takara biyu sunka rage: Mukhtar, da wani mai sunan Malam. Ba sai an tambayi inda garinmu ya dosa ba. Har awaki sai da anka ɗaura wa ƙyallen partinsa a wuya.

An yi muhawarar su biyun a tele. Maza sunka kalla a butik ɗin Alhaji Ɗangana, inda ke da pano mai ɗaukar hasken rana da batir. Mu mata sai da safe munka ji, da rediyo ta maimaita tana fassarawa da Hausa, muna daka. Ni na yi lakkwal, makarantar boko, har katiriyam, aji na uku na koleji a Keita, kafin aure, don haka ina tsintar Faransancin kafin mai fassara ya iso. Mukhtar ya iya baki, wannan ba a ɓoye yake ba. Bai yi inda-inda ba, bai ɗaga murya ba. Namu kuwa tun farko ya fusata, ana jin ƙarar takardunsa yana ta juyawa, kuma mai gabatarwa ya yi ta katse shi yana tsakiyar magana. Maza sun ce an cuce shi a lokaci, an bar wancan ya yi ta zuba. Mai yiwuwa haka ne. Ni abin da ya tsaya mini a kunne shi ne inda Mukhtar ya ce kowane departema, wato gunduma irin tamu ta Keita, sai ya samu wurin ajiyar jini na kansa. Nan na jingine taɓarya na saurara.

Rufaida tana da sikila. Duk uwar da ta taɓa ganin idon ɗiyarta ya koma rawaya, yatsunta sun kumbura, tana kuka ba ta so ko a taɓa ta, ta san dalilin da ya sa na jingine taɓarya. Kowane wata muna da randebu, wato ranar ganin lokotoro, a asibitin Tawa, a auna jininta, a ba mu magani, wani lokaci a ƙara mata jinin. Hanyarmu dutsi ce da kwazazzabo har a hau titi. A bisa moto mai ƙafa biyu girgizar kaɗai ta isa ta tayar mata da ciwon ƙashi. Mun taɓa gwadawa, ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Mota ɗaya ce a garin, motar kaya ta Alhaji Ɗangana, ƙanen surukina, wanda kuma shi ne shugaban parti na gari. Yana zuwa Tawa sarin kayan butik, kuma tun da anka gano ciwon yake daidaita tafiyarsa da ranar randebu. Gaba muke zama, kusa da shi, gilashi a rufe saboda iska. Daga ƙofar gida yake ƙwala kira, "Amaryata ta shirya?" irin wasan kaka da jika, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai hurhura. Maigidana yana Abijan bida, neman kuɗi, sai shekara-shekara muke ganinsa. Bayan Allah, kujerar nan ta gaba ce abin da na dogara da shi.

Baƙon na famfo sunansa Mu'awiya, daga rediyon Muryar Dabagi ta Keita. Ranar kasuwar Garhanga ya zo, lokacin da mazan da ba su tafi bida ba duk sun tafi cin kasuwa. A ranar ban lura da wannan ba.

"Sondaji muke yi, iyayena," ya ce da ya kafe motonsa. "Jin ra'ayin jama'a. Tambaya guda ta: wa yac ci muhawara? Suna kawai za ku hwaɗi, da ƙarhi."

Ya fara da Biba, matar Alhaji Ɗangana.

"Mai sunan Malam," in ji Biba.

"Wane malam, Hajiya? Malamai na da yawa. Na'ura suna ta sani."

"To wancan." Ta nuna hoton da anka manna a bangon famfo.

"Rediyo ta, Hajiya, ba a ganin yatsa."

Ya bi mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta kauce tana dariya. Wata ta ce, "Kai yaro, so kake a kore ni daga gidan mijina?" Wata tsohuwa ta dogara sandarta ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, uwarka na kiran sunan ubanka?"

"Tawa uwar ba ta cikin sondaji, Inna," ya ce, yana murmushi.

Sannan ya zo kaina, sannan Rufaida ta yi tambayarta, mata sunka ƙara fashewa. Na ga yana naɗe waya zai tafi, ba abin da ya ɗauka sai dariyarmu, a je a ce matan ƙauye ba su fahimci komi ba. Abin ya ci mini rai. Na ce ya kunna.

"Malam, in gaskiya kake so, Mukhtar ya hi iya magana. Mukhtar yac ci muhawara, ko kurma ya ji. Zancen jini da yay yi ya shiga raina, don ina da mai ciwo. Amma iya magana daban, riƙon amana daban, mun sha jin irin wagga magana. Mu nan ƙuri'armu ta mai sunan Malam ta, ni da duk matan ga da kake gani. Kunya ta hana mu kiran sunan, kai ma ka sani."

"Madalla, Madam. Sunanki?"

"Rahinatu."

Ya kashe na'ura, ya tara hannu ya sha ruwa, ya hau moto. Biba ta dafa kafaɗata.

"Kin hidda mu kunya, 'yar lakkwal," ta ce.

Washegari da azahar ina tsakar gida ina kaɗa miya, surukata Iya tana tsince wake, rediyo na rataye a jikin rumbu. Sai na ji sunan garinmu.

"A Rijiyar Malam, garin da ake cewa ko jaririnsa na ɗan takara Iliyasu ne, wakilinmu ya tambayi mata wa ya ci muhawara. Ku ji abin da ya faru."

Sai dariya. Dariyarmu ta famfo, mai tsawo, kamar ta mutanen da ke yi wa wani ba'a.

"Ko mace ɗaya ba ta kira sunansa ba. Suna ɗaya kaɗai na'urarmu ta ɗauko."

Sai na ji kaina. "Mukhtar ya hi iya magana. Mukhtar yac ci muhawara, ko kurma ya ji. Zancen jini da yay yi ya shiga raina." Na tsaya da ludayi ina jiran sauran. Kiɗa ya biyo baya. Bayan kiɗan mai labarai ya ce sondajinsu ya nuna matan Keita sun juya baya ga namu, sun koma wajen Mukhtar.

Iya ta ajiye faifai.

"Ke ta?"

"Ni ta, Iya, amma sun yanke. Da saura."

"Muryarki dai ta."

Kafin kowane labarai sai sun saka. Daga rediyo ya shiga salula, samari sunka haɗa shi da kiɗa, ana aikawa. Yara sunka mayar da "ko kurma ya ji" waƙar tsokana, in na fito ɗiban ruwa sai in ji ta daga bayan danga. Sai a lokacin na ji cewa mai rediyon wani ɗan kasuwa ne da ke cikin kwamitin kampan na Mukhtar. Maza duk sun sani. Ba wanda ya ga dalilin gaya wa mata.

Maigidana ya kira daga Abijan. A masaukinsu wani ɗan Buza ya kunna masa, gaban mutane.

"Mi yak kai ki?"

Na gaya masa duk yadda anka yi. Ya yarda, don ya san ni.

"Amma ki tahi wurin Baba Alhaji tun yau," ya ce. "Ki ba shi haƙuri. Randebun yarinya ya kusa."

Na tafi da Biba. Alhaji yana zaune cikin butik bisa buhun shinkafa, telen a kashe. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Na riga na ji abin da ya same shi: manyan parti na Keita sun kira shi sun zage shi tas, sun ce garin da anka ba shi amana ya zama abin dariya har Yamai, sun kuma ce ba shi da kujera a rumfar manya ranar babban taro.

"Baba Alhaji, na zo neman gahwara. Ba abin da nac ce ke nan ba. Hajiya na wurin."

"Wallahi Alhaji yabon namu tay yi," in ji Biba. "Har ta ce ƙuri'armu duka tasa ta."

"Na yarda da ke, Biba. Amma ke ba ki da rediyo." Bai dube ni ba. "Shekara nawa nike ɗaukar ku? Ko ruwa na taɓa sha naku? Da anka sa miki abu ga baki, ba ki iya cewa sai mijina ya dawo? Duk matan sun yi shiru, sai ke mai katiriyam."

"Na yi kuskure, Baba. Randebun jikarka..."

"Mota na da aikin kampan."

"Maganinta ya kusa ƙarewa."

"Ki tambayi Mukhtar," ya ce. "Shi ka da jini."

Biba ta ja ni waje. A hanya ta ce in bar shi ya huce. Amma ni na san yawan ƙwayoyin da sunka rage a gwangwani, kuma na fara ganin farin idon Rufaida yana canzawa.

Na bar ta wurin Iya na hau kabu-kabu zuwa Keita. Gidan rediyon ɗakuna biyu ne da dogon ƙarfe a tsakar gida. Na daɗe bisa benci kafin darakta ya ce in shigo. Mutum ne mai fara'a, har ya sa anka kawo mini ruwan sanyi. Mu'awiya na gefe, ya sa abin ji a kunne, idonsa a kan ordinata, kwamfutar aikinsa.

"A'a, Madam ko-kurma-ya-ji da kanta!" in ji darakta. "Kin yi suna. Har Madawa ana neman muryarki."

"Malam darakta, kun yanke maganata. Ku saka sauran."

"Muryarki ta ko ba taki ba?"

"Tawa ta."

"Mun ƙara kalma guda da ba ki hwaɗi ba?"

"A'a. Amma kun cire..."

"Montaji ake ce mishi, Madam. Lokaci kaɗan gare mu. In munka saka duk abin da kowa yac ce, ba mu gama labarai sai gobe."

"Kun ce ba wadda tak kira sunanai. Shi wancan ya san dalili." Na nuna Mu'awiya. "An gaya mishi a gabana."

"To an kira sunan?"

Na girgiza kai.

"Kin gani. Mu abin da na'ura ta ɗauka muke ƙirgawa."

Na gaya masa zancen Rufaida, da motar, da randebu. Fuskarsa ta ɗan canza, ya ce Allah ya ba ta lafiya, shi ma yana da ɗan ƙanwa mai irin ciwon. Ya juya ya tambayi Mu'awiya ko asalin ɗaukar na nan. Mu'awiya ya zare abin kunnen gefe ɗaya ya ce an shafe, wuri ya cika. Darakta ya buɗe hannuwa.

"Ki dawo bayan zaɓe, mu yi shiri na musamman kan sikila. Ke za mu hwara gayyata."

Na fito na tsaya a rana ina neman wanda zan kai wa ƙara. Ban san ko ofishin wa ake zuwa ba. Mai kabu-kabu yana ta danna oda, na hau munka koma.

Biba ce ta kawo mini sharaɗin Alhaji. Za a yi mitin, taron parti, a garin, mutanen parti za su zo daga Keita tare da ɗaya rediyon, wadda ke goyon bayan namu. In na karɓi mikro gaban jama'a na faɗi wanda nake so, da sunansa, yadda na'ura za ta ɗauka, to an wanke garin, an wanke Alhaji, zancen mota ya wuce.

"Da sunanai, Hajiya?"

"Haka yac ce. Ya ce da suna anka ɓata shi." Ta kau da kai. "Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba."

Iya tana jin mu daga madafa. Bayan Biba ta tafi ta fito tana goge hannu.

"Shekarata nawa cikin gidan ga, ko cikin barci ban kira sunan ubanai ba," ta ce. "In kinka tsaya gaban gari kinka kira sunan ɗana awa wanda kinka haihwa, da wane ido za ki dube ni?"

"Iya, dubi idon jikarki."

Ta dubi Rufaida da ke kwance bisa tabarma tana wasa da marfin kwalba. Ta koma madafa.

Na kira Abijan. Na gaya masa sharaɗin, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Yi abin da kinka ga ya hi ma yarinya," ya ce. Ban san ko izini ne ya ba ni ko ya rasa abin faɗi ne ba.

An yi mitin ɗin da hantsi, ƙarƙashin gawon da ke gaban masallaci. An kawo kujerun roba da injin wuta da manyan lasifika biyu. Maza a gaba, surukina a sahun farko da carbinsa, mata a tsaye daga baya. Bayan baƙi sun gama jawabi, Alhaji ya ce akwai wata ɗiyarsu da ke da magana. Na ratsa tsakanin maza. Wani saurayi mai hular parti ya miƙo mini mikro, ɗan jaridar ɗaya rediyon ya kara na'urarsa a ƙarƙashi.

Na yi bayani yadda na shirya tun a gida. Na ce an zo ranar kasuwa, an tambayi mata sunan da ba su iya faɗi, an yanke maganata rabi. Na ce ban karɓi komi a hannun kowa ba. Mutane na saurare. Na zo wurin sunan sai na tsaya.

"Wa kike so, ɗiyata?" in ji Alhaji. "Hwaɗi."

Na faɗa. A hankali ya fito.

"Ba a ji ba daga baya!" wani cikin baƙin ya ce.

Na sake faɗa, lasifika ta ɗauke shi ta kai har bayan gari, na ji dutsi ya maido mini da shi. Samari sunka yi tafi, makaɗi ya buga ganga. Daga wajen mata ba tafi. Na ga mayafai ana jan su zuwa fuska. Surukina ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, carbin ya tsaya a hannunsa. Iya ta juya ta bi hanyar gida, mata sunka buɗe mata hanya.

Na ce a raina, to, an biya, ya wuce.

Washegari ɗaya rediyon ta saka. "Matar nan da 'yan Mukhtar sunka saya a Rijiyar Malam ta tuba a gaban jama'a." Sai muryata tana kiran sunan, sau biyu, da tafi. Zancen ranar kasuwa, da kunya, da yankewa, da cewa ban karɓi komi ba, ko ɗaya bai fito ba. Da la'asar Muryar Dabagi ta amsa: an tilasta wa wata baiwar Allah ta janye ra'ayinta, wannan ya nuna yadda tsoro ya kama wancan ɓangaren, kuma sondajinsu na nan daram. Sunka sake saka "ko kurma ya ji".

A famfo yanzu idan na iso sai hira ta tsaya. Waɗanda sunka tsaya kusa da ni ranar, sunka ji da kunnensu, su ma wasu sun fara cewa ai ruwa ba ya tsami banza, mai yiwuwa an ba ni wani abu a ɓoye, in ba haka ba mi ya sa ni kaɗai na yi magana. Wata ta ce wa ƙanwarta, yadda zan ji, kada ta riƙa zama da masu kiran sunan miji a lasifika. Iya tana amsa gaisuwata, amma ta daina cin tuwo kwano ɗaya da ni.

Ana gobe randebu na koma butik na durƙusa inda na durƙusa a da.

"Baba Alhaji, na yi abin da kac ce."

"Kin yi. Allah shi yi miki albarka." Wannan karon ya dube ni, na ga shi ma a gajiye yake. "Yarinya na da kujera. Gobe da sahe."

"Na gode, Baba. Za mu shirya da wuri."

"Biba za ta riƙe ta."

Ban gane ba da farko.

"Rahinatu, rediyonmu da kanta ta ce an saye ki. Ni na san ƙarya ta. Amma in anka gan ki gaban motata cikin Keita, cikin Tawa, ana saura kaɗan zaɓe, mi za a ce? A ce Ɗangana na yawo da 'yar Mukhtar. Da ƙyar sunka maido min kujerata."

"In zauna baya, bisa kaya. In ruhe huska."

"An san ki. Ko shingen jandarma sai an ce ga ta nan." Ya girgiza kai. "Ki yi haƙuri har zaɓe shi wuce, mu gani."

Na miƙe. Motarsa ce.

Da safe na yi wa Rufaida wanka da ruwan ɗumi, na sa mata riga biyu da safa. Na cika gora biyu da ruwan da na tafasa. A bakin mota na tsare Biba ina ta jero mata: ta riƙa ba ta ruwa ko ba ta nema ba, kada a buɗe gilashi, kada ta zauna bisa siminti a asibiti, in ta ce ƙafarta na ciwo kada a matsa, a rufe da zane kawai. Ta gaya wa lokotoro idon ya fi na wancan wata rawaya, fitsarin ya yi duhu, cikin ya ɗan tashi ta gefen hagu, kuma ta yi zazzaɓi sau ɗaya ya sauka. Biba tana ta cewa to, to, na ga abin ya yi mata yawa. Sai na durƙusa na gaya wa yarinyar kanta.

"In lokotoro ya tambaye ki ina ka ciwo, ki nuna mishi nan. Kada ki ji tsoron allura. Ki riƙe hannun Hajiya."

"Ke ba ki zuwa?"

"Ina da aiki gida."

"Wane aiki?"

Alhaji ya tada mota. Biba ta ɗauke ta ta ɗora bisa cinya, ta ja ƙofa. Na bi su da ido har sunka sauka kwazazzabo.

Kafin magariba sunka dawo. An ba da magani. Biba ta ce lokotoro ya yi tambayoyi da yawa, wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba. Zancen cikin ta mance, sai a hanyar dawowa ta tuna. Ya ce jinin ya yi ƙasa amma bai kai na ƙari ba tukuna, in anka ga ta yi fari ko numfashinta ya canza a kawo ta nan take, ko wace rana ce. Ya kuma yi faɗa, ya ce ina uwar yarinyar, wane irin sakaci ne wannan, wata mai zuwa ita yake son gani.

Zaɓe bai zo ba tukuna. Rediyon nan biyu kowacce na cewa sondajinta ya nuna nata ne a gaba. Motar tana kwana Keita yawancin ranaku, ɗauke da samari da lasifika. Kullum da safe ina jan fatar idon Rufaida in duba, in taɓa cikinta, in saurari numfashinta. In ya canza ranar da motar ba ta gari, ban san abin da zan yi ba. In wanda Alhaji ke so ya faɗi, ban san wa za a ce ya jawo ba.

Ke da ke karanta wannan, ko anka karanta miki: in baƙo ya zo famfonku da mikro ya ce ra'ayinki yake so, ki fara tambayarsa rediyon ta wa ce, kuma mi ya sa ya zo ranar da maza ba su nan. Ko ya amsa da daɗin baki, in kina da yaron da lafiyarsa ke rataye da alherin wani, kada ki ce komi. Kada ki ce za ki faɗi gaskiya duka, don rabi za su ɗauka, kuma ba ke za ki zaɓi rabin ba. Ki aza bokitinki, ki kama hannun ɗiyarki, ki tafi gida.